Jinka Ba Ta Tashi da Hannu Iri Ɗaya: Darasi Daga Nguru da Gashuwa

Gabatarwa

Duk ɗalibin Hausa ya san karin maganar nan da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma da wuya a ba mu aikin rukuni a aji wani bai jawo ta ba. Sai dai a ganina mun daɗe muna yi mata gurguwar fahimta, domin mun ɗauka yawan hannuwa kawai take nufi. Wanda ya taɓa ganin yadda ake ɗora jinka a ƙauye ya san abin ya wuce nan. Akwai wanda ya haɗa tsaiko ya yi masa tanka, akwai wanda ya yanta shuci, akwai majiya ƙarfi da za su ɗaga, sannan akwai dattijon da zai koma gefe, bai taɓa komai ba, yana cewa a ɗan sassauta ta gabas, a ɗaga ta yamma. Idan aka tara ƙarti ashirin babu wannan dattijo, jinkar za ta hau, amma a karkace.

Abin da nake son tabbatarwa a wannan ɗan rubutu shi ne, sabuwar dabara a wurin aiki ba ta cika fitowa daga taron mutane masu hali ɗaya da ilimi ɗaya ba. Tana fitowa ne a inda aka haɗa masu aiki daban-daban, aka kuma ba kowa damar yin aikin da salonsa. Zan kafa hujja da ayyuka biyu da aka yi a arewacin Jihar Yobe, ɗaya a Nguru kan ruwa, ɗaya a Gashuwa kan harshe.

Nguru: Wa Ya San Darajar Ruwan Ambaliya?

Fadamar Haɗeja da Nguru tana samuwa ne daga ambaliyar kogin Haɗeja da na Jama'are, waɗanda ke malala a wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda ya ratsa ta Gashuwa ya nufi Tafkin Chadi. A nan masunci yake kamun kifi, manomi yake shuka shinkafa, makiyayi kuma yake kawo dabbobinsa da rani idan ruwa ya janye. A shekarar 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a Kano, a 1992 kuma aka kammala ta Challawa. Tunanin da aka gina su a kai shi ne, ruwan da ke malala a fadama asara ne, gara a tare shi a yi noman rani na zamani da shi.

A shekarar 1987 aka kafa shirin kare wannan fadama, mai ofishi a Nguru, tare da haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare muhalli na Nijeriya da na ƙasashen waje. Abin da ya fara jawo hankalin Turawan da suka shigo shirin tsuntsaye ne, wato waɗanda ke tasowa daga Turai su yi hunturu a fadamar. Da an bar aikin a hannun masu ƙidayar tsuntsu kaɗai, da abin da za a samu bai wuce jerin sunayen agwagin ruwa ba, kuma babu gwamnan da zai saki ruwan madatsa domin agwagwa.

Abin da ya sauya akalar aikin shi ne shigowar masu wasu fannonin. Masanin ruwa, G. E. Hollis na Landan, ya sa ido kan yawan ruwan da ke shigowa da inda yake tafiya. W. M. Adams na Jami'ar Kambirij ya dubi yadda mutane ke rayuwa da ƙasar. Masanin tattalin arziki, Edward Barbier, tare da Adams da Kevin Kimmage, suka yi wani lissafi a 1991: suka auna abin da fadama ke samarwa ta noma da su da itacen girki, suka kwatanta da abin da shirin noman rani na kogin Kano ke samarwa da ruwa daidai wannan. Sakamakon ya nuna fadamar ta fi amfani ninki ba ninki. A 1993 aka tattara binciken a littafi guda, wanda Hollis da Adams da Muhtari Aminu-Kano suka tace.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya. Cewa ambaliya dukiya ce ba sabon labari ba ne a wurin masuncin Nguru ko manomin Gashuwa, domin da ita aka haife su. Amma saninsu ba ya shiga takardar kasafin kuɗi. Shi kuma mai lissafi ya iya harshen da ofis ke ji, sai dai ba shi da abin da zai lissafa in ba a gaya masa me ake shukawa, me ake kamawa, nawa ake sayarwa ba. Sabon abu ya fito ne a mahaɗar waɗannan biyun, kuma wannan lissafi na Nguru ya zama abin misali da ake ambata a ƙasashe da dama idan ana muhawara kan madatsun ruwa. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin.

Ba ina cewa an gama da matsalar ba ne. Sauyin tafiyar ruwa ya sa ciyawar kacala ta toshe magudanai, ruwa ya yi wa wasu garuruwa yawa har ya cinye gonaki, wasu kuma ya daina isa gare su. A 2006 jihohi shida, wato Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka amince da kafa asusun kula da wannan kwari na ruwa. Ko wannan ma yana ƙarfafa maganata ne, domin an gane cewa aikin ya fi ƙarfin injiniya shi kaɗai.

Gashuwa: Yadda Aka Yi wa Badanci Ƙamus

Misali na biyu ya fi kusa da mu ɗaliban harshe. Badanci ɗan'uwan Hausa ne a cikin iyalin harsunan Chadi na yamma, ko da yake reshensu daban, kuma yana da karuruwa, ciki har da na Gashuwa da na yamma. Ɗaya daga cikin bambancin da ke tsakaninsu shi ne, a karin yamma suna yakan ƙare da harafin “n” idan an ambace shi shi kaɗai, abin da ba a yi a karin Gashuwa. Harshe ne da Hausa ke ci masa iyaka kullum, musamman a bakin yaran cikin gari.

Marigayi Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, wanda ya rasu a 2016, ya fara aiki kan harsunan wannan yanki tun wajen 1969, ya kuma wallafa ƙamus na Ngizim a 1981. Wannan ƙamus aiki ne irin na da: masani ya zo ya tattara, ya koma ya buga a ƙasarsa, littafin ya zauna a ɗakunan karatu na jami'o'i. Amma a farkon shekarun 2000, shi da Dakta Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, wanda Bolanci ne harshensa na gado, suka jagoranci shirin binciken harsunan Yobe bisa wani tsari daban. Aka ɗora aikin tattara kalmomi a wuyan masu harsunan da kansu. A 2004 aka buga ƙamusoshi a Potiskum na Badanci da Bolanci da Karekare da Ngamo da Ngizim, daga baya aka sabunta su aka kuma ƙara da Duwai. Badanci ya samu guda biyu: na karin Gashuwa mai ɗauke da sunan Muktar Musa Tarbutu, da na karin yamma mai ɗauke da sunan Bala Wakili Dagona.

Abubuwa uku ne sababbi a nan. Na farko, an sa Hausa a cikin ƙamusoshin tare da Turanci, domin mai harshen da bai yi zurfi a boko ba ya amfana. Na biyu, an buga su a gida, kusa da masu bukata. Na uku, sunan ɗan ƙasa ne a bango a matsayin marubuci, masanin kuma ya tsaya a matsayin mai tacewa. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya danganci sabuwar na'ura. Sun danganci yadda aka raba aiki ne. Mai harshe ya san kalma da inda ake faɗarta da inda faɗarta abin kunya ne, amma sau da yawa bai taɓa lura da karin sautin da yake furtawa ba. Masanin kimiyyar harshe yana jin karin sauti da tsawon wasali, amma bai tashi yana jin zaurancen tsofaffi ba. Tsakaninsu kuma dole a samu wanda ya san ɓangarorin biyu, ya san jami'a ya san fada.

Domin a ga girman batu na uku, mu tuna da namu tarihin. Ƙamus ɗin Hausa da R. C. Abraham ya fitar a 1949 yana ɗauke da sunan Malam Mai Kano tare da nasa. Da aka sake buga shi a 1962, sai sunan Abraham kaɗai ya rage. Mu nawa ne a ajinmu muka taɓa jin sunan Mai Kano?

Halaye Ma Rabon Aiki Ne

Bayan bambancin fanni akwai na hali. A kowace tawaga za ka tarar da mai tsiro da dabara, wanda kullum kansa cike yake da sabon tunani amma ba ya gama ko ɗaya. Za ka tarar da mai tantama, wanda ba a kawo magana bai ce “ina hujja?” ba. Akwai mai ƙwanƙwance aiki, wanda zai kwana kan ƙugiyar harafi guda. Akwai kuma mai sulhu, wanda ba a ganin aikinsa sai ranar da ba ya nan rigima ta tashi. Wani Bature ɗan Ingila, Meredith Belbin, ya yi shekaru yana gwaji da tawagogin manajoji, ya fitar da sakamakon a 1981. Daga cikin abin da ya gano, tawagar da aka cika da zaƙaƙurai zalla ba ta cika yin nasara ba, domin lokacinta yana ƙarewa a gardama, kowa na kare ra'ayinsa.

A nan ne nake da ƙorafi kan yadda muke aikin rukuni. An taɓa haɗa mu mu bakwai a wani aikin tattara karin magana. Muka ɗora komai kan wanda ya fi mu maki, sauran muka haɗa kuɗin buga takarda. Akwai wata a cikinmu da ta tashi a hannun kakarta a ƙauye, ba ta yawan magana a aji, babu wanda ya tambaye ta komai. Sai bayan an miƙa aikin, muna hira, ta kawo mana karin magana wajen goma da babu su a littattafan da muka kwafa. Mun ci maki, amma mun yi asarar abu guda da zai sa aikinmu ya zama sabo.

Abin da Masu Suka Za Su Ce

Wani zai ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma manyan ayyukan adabi mutum ɗaya ne ya zauna ya yi su. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Taro marar jagora hayaniya ne, kuma haɗa masu hali daban yana cin lokaci da haƙuri. Amma abin da wannan suka ke nunawa shi ne bukatar shugaba mai yanke magana, kamar dattijon nan na wurin jinka. Batun mutum ɗaya kuwa, mu duba Abubakar Imam. Hazaƙarsa tasa ce, amma ta bunƙasa ne a Zariya tare da Rupert East, wanda ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja a 1933, kuma tare suka yi aikin Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, ga masu haɗa haruffa da masu gyara da ba mu san sunayensu ba.

Kammalawa

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai uku ce. Idan aka ba mu aikin rukuni, kafin a raba babi, a fara tambayar kowa abin da ya iya da inda ya fito. Kada a kori mai yawan tambaya, a ba shi aikin duba abin da aka rubuta. Sannan a rubuta wanda ya yi kaza a bayyane, har da tsohuwar da aka ɗauki magana daga bakinta, in ta yarda. Ga malamanmu kuma, ina roƙon a riƙa tambayar kowane ɗalibi gudummawarsa, domin maki ɗaya ga kowa shi ke raya lalaci.

A ƙarshe, akwai ɗalibai a sassan Hausa da suka tashi da Badanci ko Kanuri ko Fulatanci a gida, suna ɓoye shi kamar abin kunya. Waɗannan su ne hannun da muka fi bukata. Tun 2013 akwai jami'ar tarayya a Gashuwa, ga kwalejin ilimi a garin, ga kuma ƙamusoshin da aka fara suna jiran masu ƙara musu kalmomi. Tsaiko yana nan a haɗe, saura masu ɗagawa.