Jinjina ga Injiniyoyin da Suka Rage Mana Jiran Lodi

Yabon gwani ya zama dole. A shekaru bakwai da PlayStation 4 ta yi tana tashe, daga 2013 zuwa 2020, duk mai buga gem ya saba da wani zaman dole: ka kunna wasa, allo ya yi duhu, ɗan zobe ya yi ta juyawa a kusurwa, kai kuma kana riƙe da hannun gem kana hamma. An kashe ka a fagen fama? Sai ka sake wani zaman. Yau wanda ya zauna gaban PlayStation 5 ko Xbox Series X, ko kwamfutar da aka sa wa sabuwar ma'ajiya ta SSD, da ƙyar yake gama karanta 'yar shawarar da ke ƙasan allo kafin wasa ya buɗe. Mutane ne suka yi wannan aiki, kuma sun cancanci a sara musu.

Lodi ba komai ba ne illa kwaso kayan wasa, wato hotuna da sautuka da taswirar gari da surorin mutane, daga ma'ajiya zuwa RAM, inda furosesa da katin hoto za su iya kai hannu gare su nan take. Tsohuwar ma'ajiya, had-dis, faifai ne na gaske. Na cikin PS4 yana juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, ga wani siririn hannu yana kai-komo a samansa kamar allurar garmaho, yana laluben inda aka rubuta abu. Wannan laluben shi ke cinye lokaci. Abin da faifan ke iya miƙowa bai wuce megabait 50 zuwa 100 a sakan ɗaya ba, alhali gigabait da dama ake son a zuba wa RAM.

Masu ƙera wasanni sun sha yin dabaru don su rufa wa faifan asiri. Wanda ya buga Mass Effect na 2007 ba zai manta da lif ɗin nan mai tafiyar hawainiya ba, inda jarumai ke tsaye suna hira. A bayan fage lodi ake yi. Haka nan matsattsun lungunan da ake sa jarumi ya ratsa da gefen kafaɗa. Wata dabarar kuma ita ce rubuta abu guda a wurare da yawa a kan faifai, don kada hannun ya yi doguwar tafiya. Mark Cerny, babban mai tsara PS5, ya faɗa a jawabinsa na watan Maris 2020 cewa a wasan Spider-Man akwai kayan da aka maimaita har sau 400.

Shi Cerny da abokan aikinsa na Sony su ne na gaba a wannan jinjina. Ya zaga kamfanonin wasa yana tambayar abin da suka fi buƙata, suka ce SSD, ya kuma ji maganarsu. Da sun so da sun narkar da kuɗin duka a kan kyan hoto, tunda shi ke ɗaukar ido a talla. Sai suka gina ma'ajiya mai gigabait 825 da ke miƙo gigabait 5.5 a sakan. Ba su tsaya nan ba. Kayan wasa a dunƙule ake ajiye su, sai an warware su kafin a yi amfani da su, don haka suka keɓe wa warwarewar nata ɓangaren a cikin na'ura, furosesa ta huta. Tun a Afrilun 2019 Cerny ya gwada wa mujallar Wired tsallake daga wata unguwa zuwa wata a Spider-Man: sakan 15 a PS4 Pro, ƙasa da sakan ɗaya a sabuwar na'urar. Injiniyoyin Microsoft, masu Xbox, su ma ba a bar su a baya ba. Tasu ma'ajiyar tana ba da gigabait 2.4 a sakan, suka kuma ƙara da Quick Resume, wanda ke ba ka damar barin wasa a tsakiya, ka shiga wani, ka dawo ka tarar da shi inda ka bar shi. Madalla da su.

Amma da sauran rina a kaba, kuma rinar tana hannun masu rubuta wasannin.

Wasan GTA Online ya fito a Oktoban 2013. Sama da shekara bakwai mutane na tsaki kan daɗewar lodinsa, wasu har suka canza kwamfuta, abin bai sauya zani ba. A ƙarshen Fabrairun 2021 wani mai rubuta manhaja da ke kiran kansa t0st ya gaji da jiran minti shida, ya leƙa ya ga me ke faruwa. Ya tarar faifai na zaune lafiya, intanet ma haka, amma sashe ɗaya na furosesa yana ta gumi na tsawon minti huɗu. Ashe wani fayil ne ɗan megabait 10, mai jerin kayan saye wajen 63,000. Duk sanda wasan zai karanta lamba guda, sai ya sake auna tsawon ragowar fayil ɗin kaf. Sannan kowane abu sai an gwada shi da duk waɗanda suka gabace shi don kada a maimaita, gwaji kusan biliyan biyu, a jerin da tun asali babu maimaici a cikinsa. Da ya toshe ramukan nan biyu, minti shida suka koma minti ɗaya da sakan 50. Kamfanin Rockstar, mai wasan, ya amsa cewa gaskiya ne, ya fitar da gyara a watan Maris, ya ba shi dala 10,000. Sun kyauta da suka amsa, sai dai a ganina ladan ya yi kaɗan idan aka tuna awannin da miliyoyin mutane suka zubar a gaban allo. Babu SSD a duniya da zai iya maganin wannan cuta.

A sauran wasannin kwamfuta ma haka zancen yake. SSD mai SATA yana kai megabait 550 a sakan, NVMe na ƙarni na huɗu yana kai 7,000. A takarda ninki goma sha biyu ke nan da ɗoriya, amma a yawancin wasanni bambancin lodinsu sakan ɗaya ne ko biyu, saboda an rubuta su ne da tunanin tsohon faifai. Microsoft ta fitar da DirectStorage a 2022 don buɗe wannan hanya, wasan Forspoken ya fara amfani da shi a 2023, amma masu bin sawu ba su yi yawa ba.

Sai kuma ƙibar wasanni. A 2020 Call of Duty: Modern Warfare ya haura gigabait 200 a kwamfuta. Starfield na 2023 yana neman gigabait 125, kuma ya ce sai da SSD. Ga saurayin Kano ko Maraɗi da ke sayen data da gigabait-gigabait, ana ɗauke masa wuta a tsakiyar saukewa, jiran bai mutu ba, wuri ya sauya: an rage masa sakan 30 na lodi, an ɗora masa kwanaki na sauke wasa.

Don haka, ya ku masu rubuta wasanni, 'yan'uwanku masu ƙera na'ura sun sauke nasu nauyin. Ku auna lodinku a kan tsohuwar kwamfuta kafin ku kai wasa kasuwa. Ku cire kayan da kuka maimaita don faifan da ku da kanku kuka daina goyon baya. Ku bar mutum ya zaɓi harshe ɗaya da girman hoton da na'urarsa za ta ɗauka, maimakon ku ɗura masa duka.

Kai kuma mai karatu, in har yanzu had-dis ne a kwamfutarka kuma jiran lodi ne ya ishe ka, kada mai shago ya zuga ka ka fara da katin hoto mai tsada. Fara da SSD, ko mai SATA ne.