Na bar kwantiragi na koma aikin dindindin, kuɗina kuma ya ragu

Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni.

Wata biyu ke nan da na ajiye aikin kwantiragi na karɓi aikin dindindin a wani kamfanin manhaja da ke Legas, ina yi musu daga nan Ibadan. Tun daga ranar 'yan hostel ɗinmu na masta suka rabu gida biyu. Wasu barka, wasu kuma, "Malam, ka bar dala ka koma naira? Lafiyarka ƙalau kuwa?" Wani ƙanena da ke aji uku a sashen kwamfuta har ɗaki ya biyo ni yana neman bayani. To bari in amsa wa kowa a wuri ɗaya.

Na fara rubuta manhaja don kuɗi a 2022, lokacin yajin aikin ASUU na wata takwas. Ina ajin ƙarshe, ina zaune gida a Sabo ba abin yi. Na fara da shafukan intanet na masu shaguna, daga baya na samu masu ba da aiki daga waje. Ba zan yi wa kwantiragi butulci ba. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024, duk wanda ake biya da dala sai ya ga kamar an ninka masa kuɗi yana barci. Da shi na biya kuɗin masta, da shi na sa wa Hajiya sola a gida.

Amma akwai lissafin da ba ma yi a gaban mutane. Wata rana na zauna na buɗe bayanan asusuna na bara. A cikin wata 12, bakwai ne kawai kuɗi ya shigo. Mu kuwa in ana hira, watan da ya fi kowane kyau muke faɗa, kamar shi ne albashinmu. Na cire kuɗin data, na cire man janareta tun bayan cire tallafi, na cire gyaran kwamfuta, na cire abin da dandalin aikin da masu turo kuɗi ke yanka. Na tuna wani bawan Allah da ya karɓi aiki ya biya rabi ya ɓace, har yau. Na tuna mako biyun da taifod ta kwantar da ni, ba sisi ya shigo, asibiti kuma daga aljihuna. Da na raba abin da ya rage gida 12, har yanzu ya ɗara albashin da nake karɓa yanzu, gaskiya ce. Sai dai ratar ba ta kai rabin yadda nake zato ba.

Duk da haka ba lissafin kuɗi ne ya sa na sa hannu ba. Abin da ya tsorata ni shi ne, shekara uku ina rubuta kod ba wanda ya taɓa karanta shi. Mai aiki yana danna maɓalli, in ya yi aiki ya biya, shi ke nan. Ban taɓa zama da manhajar da na rubuta na wata shida ba, balle in ga yadda take yi idan masu amfani sun yi yawa. A intabiyu aka tambaye ni: kaya ɗaya ya rage a shago, mutum biyu suka danna saye a daƙiƙa guda, me zai faru a rumbun bayananka? Wallahi sai da na yi gumi. Na rubuta manhajar shago ta fi biyar, ban taɓa tunanin wannan ba, kuma Allah kaɗai ya san abin da masu shagunan suka gani bayan na tafi.

A makona na biyu na tura ɗan gyara da nake ganin ba shi da aibu. Wata babbar injiniya a rukuninmu ta bar min gyare-gyare sama da ashirin a GitHub. Ranar ko abincin dare ban ci da daɗi ba. Amma abin da na koya daga wannan matar a wata biyu, ban koye shi a shekara guda ina ni kaɗai a ɗaki ba. Ra'ayina ke nan a taƙaice: kwantiragi yana koya maka saurin gamawa da iya magana da mai kuɗi, aikin dindindin yana koya maka zama da abin da ka gina. Wanda ya yi shekara biyu ko uku yana na farko shi kaɗai, ya kamata ya ɗanɗana na biyu ko da kuɗin zai ɗan ragu.

Sai dai fa kada kalmar dindindin ta ruɗe mu. Da na gaya wa Baba, cewa ya yi, "Alhamdulillahi, yanzu ka samu aiki." A ransa irin na gwamnati ne, shekara 35 sannan fansho. Ban yi masa musu ba, amma na san kamfani ba haka yake ba. Meta ta sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022, Google ta sallami 12,000 a Janairun 2023, kuma waɗannan masu takardar dindindin ne. In manya sun yi haka, ina ga ƙaramin kamfanin da ke jiran kuɗin masu zuba jari? Abin da zai bi ka in an rufe ƙofa shi ne abin da ka iya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka in takarda ta zo, a karanta ta kamar yadda ake karanta takardar jarrabawa. Adadin da aka rubuta a sama ba shi ne zai shigo asusunka ba, ka ce a lissafa maka abin da zai rage bayan haraji da fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce kai ka sa kashi 8, kamfani ya sa aƙalla kashi 10, a asusun da ke da sunanka, wanda zai bi ka ko ka canja wurin aiki. Ka riƙa duba shi, don cirewa daga albashi daban, zubawa a asusu daban. Inshorar lafiya kuma ka tambayi wa da wa ta ɗauka. Galibi kai ne da mata da 'ya'ya, iyaye ba sa ciki. Ka duba tsawon lokacin gwaji, da kwana nawa za su ba ka kafin sallama.

Sannan ga wanda ya shafe mu 'yan masta kai tsaye. A takardata akwai layin da ya ce duk kod ɗin da na rubuta muddin ina ma'aikacinsu mallakarsu ne. Ni kuwa kundin bincikena manhaja ce. Da na sa hannu a haka, da na sa aikin masta ɗina cikin rigima da hannuna. Na rubuta musu cikin ladabi, suka ware binciken makaranta a rubuce, suka kuma bar min safiyar Alhamis don semina. Ba su yi fushi ba. Yawancinmu tsoro ke hana mu tambaya, muna ganin za a fasa ɗaukarmu. Na kuma je na sanar da malamin da ke duba aikina da bakina, kafin ya ji a bakin wani.

Ba zan ce kowa ya bi ni ba. In kana zangon farko, lakca safe da yamma, ka bari tukuna. In kwantiraginka mai tsawo ne, kana cikin rukunin da ake duba aikinka, to ka riga ka samu abin da na je nema, riƙe abinka. Ni ma akwai abin da na rasa. Da, in jarrabawa ta matso sai in ƙi karɓar aiki. Yanzu ƙarfe tara na safe ana jirana a mitin, ko na yi barci ko ban yi ba. Babi na huɗu ya kamata in miƙa tun watan jiya, har yanzu yana rabi, kuma ina jin tsoron kada in ƙara zango. Abin da na samu a madadinsa, na daina mitin ƙarfe ɗaya na dare da mutanen Amurka, kuma ranar 28 ga wata na san abin da zan tura gida.

Ƙanena, kai da ka biyo ni ɗaki: ci gaba da ƙananan ayyukanka, su ne za ka nuna gobe. Amma tun yanzu nemi wanda ya fi ka ya riƙa karanta kod ɗinka, ko da zai ɓata maka rai.

Wanda ya taɓa yin wannan canjin, ko ya yi akasinsa, ina son jin yadda ta kaya masa. Ku sa ni a addu'a kan babi na huɗu. Allah ya sa mu gama lafiya.