An ƙirga dabbobin teku a Kaikoura, amma wa ya ƙirga masu ɗiba?

Da tsakar daren 14 ga Nuwamba 2016 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa arewa maso gabashin Tsibirin Kudu na ƙasar Niyu Ziland, inda garin Kaikoura yake a bakin teku. Mutum 2 suka rasu, duwatsu suka rufto suka toshe babbar hanya da layin dogo. Amma abin da ya fi ba mutanen garin mamaki da gari ya waye shi ne bakin tekun da suka saba da shi ya canja. Ƙasa ta ɗaga sama a tsawon gaɓar da ta wuce kilomita 100, a wani wuri ƙasa da mita 1, a wani wurin kuwa kusan mita 6. Duwatsun da suke ƙarƙashin ruwa jiya, yau ga su a fili rana tana dukansu.

Domin mu da muke nesa da teku mu gane girman wannan, sai mu tuna cewa ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma kowace halitta da ke manne da dutse tana da matsayinta a wannan tsakanin, gwargwadon yadda za ta iya jure iska da rana. A Kaikoura tazarar cikar ruwa da janyewarsa wajen mita 2 ce ko ƙasa da haka. To, in dutse ya ɗaga da mita 1 kaɗai, rabin gidan ya tafi ke nan. Manyan ciyayin teku masu kauri kamar fata suka bushe suka mutu. Wata irin babbar katantanwar teku da mutanen Mawori, 'yan asalin ƙasar, suke kira paua, ita ma ta maƙale a tudu ba adadi. Mutanen gari suka yi gayya suna kwasarta suna mayar da ita cikin ruwa, duk da haka warin ruɓa ya cika gaɓar kwana da kwanaki.

Gwamnati ta hana ɗibar paua da sauran halittu masu ƙwanso da ciyawar teku a yankin. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Mawori, gama suna da al'adar da suke kira rahui, wato a kafa wa wuri doka kada kowa ya taɓa shi sai ya farfaɗo. Mu ma mun san irinta a Argungu, inda ake hana su a Matan Fada har sai lokacinsa ya yi.

Hani abu ne mai sauƙin shela. Tambaya mai wuya ita ce, yaushe za a ɗage shi, kuma wa zai ce lokaci ya yi? Nan ne aikin masu bincike ya shigo, musamman ƙungiyar Farfesa David Schiel na Jami'ar Canterbury da ke birnin Christchurch (sunan birnin kuwa ma'anarsa Ikilisiyar Kristi). Aikinsu ba na burgewa ba ne. Sukan jira ruwa ya janye, su shimfiɗa igiyar awo a kan dutse, su aza wani katako mai kusurwa huɗu, su rubuta duk abin da ke cikinsa: ciyawa iri kaza ta rufe kashi kaza, katantanwa guda nawa, tsawon kowacce nawa. Bayan watanni su komo daidai wurin nan su sake. Sun kuma yi amfani da ƙananan jirage marasa matuƙi domin ɗaukar hoto daga sama. Haka suka yi shekara bayan shekara.

Abin da wannan naci ya tona, ido kaɗai ba zai gan shi ba. Ba da daɗewa ba wata koriyar ciyawa mai saurin tsiro ta lulluɓe duwatsun, mai wucewa zai ce an warke. Alhali ita kamar tsiron yayyafin farko ce a gonar da aka sare itatuwanta, ba ta ba ƙananan halittu inuwa da mafakar da manyan ciyayin suke bayarwa. Sa'an nan duwatsun da suka fito masu laushi ne, da suka sha rana da ruwa sai suka riƙa farfashewa, duk abin da ya manne musu ya zube tare da su. Laka daga zaftarewar tsaunuka ta bi koguna ta turɓune ruwan gaɓa. Kamar wannan bai isa ba, a ƙarshen 2017 zuwa farkon 2018 ruwan tekun ya yi zafin da ba a saba gani ba, ya ƙara kashe manyan ciyayin da suka rage. Ashe girgizar minti biyu ce, amma ɓarnarta ta ci gaba da haihuwa shekaru.

Paua dai ta yi abin kirki. Da aka bar ta ta huta shekara 5, ta yawaita, ta yi girma, har a wuraren da ruwa bai wuce gwiwa ba. Bisa ga wannan ƙidaya aka buɗe ɗiba na wata 3, daga 1 ga Disamba 2021, aka ce kowane mutum ya ɗauki guda 5 a rana, kuma tsawon kowacce ya kai milimita 125.

A nan ne, a ganina, aka yi tuntuɓe. An ƙayyade abin da mutum ɗaya zai ɗauka, ba a ƙayyade yawan mutanen ba. Lokacin kuwa ya faɗa kan hutun Kirsimeti, tsakiyar bazararsu, jama'a suka yi ta kwararowa daga birane. Masu ɗiba don sayarwa suna da rabon da doka ta yanka musu, suna kuma ba da rahoto. Mai ɗiba don miyarsa ba ya bukatar lasin, ba ya faɗa wa kowa abin da ya kwasa. Da aka yi ƙiyasi daga baya, sai aka tarar abin da waɗannan suka ɗiba ya ninka rabon da aka ware musu sau da yawa. Yawancinsu ba su karya doka ba, kowa biyar ɗinsa ya ɗauka.

Ɓarnar ta fi yawan lissafi, saboda yadda halittar take. Paua tana zuba ƙwai da iri cikin ruwa ne, don haka sai manya suna kusa da juna haihuwa take yiwuwa. In aka tsince su aka bar ɗaya nan ɗaya can, kamar an kwashe duka ne. Jininta kuma ba ya daskarewa, wadda aka ji wa rauni da wuƙa aka mayar, sau da yawa mutuwa take yi. Masu zuwa ajin baftisma za su tuna da dokar sheƙar tsuntsu a Maimaitawar Shari'a sura 22, inda aka yarda a ɗauki 'ya'ya amma a saki uwar. A Kaikoura manyan da doka ta ba da izinin ɗauka su ne iyayen.

Hukuma ta gyara wani abu. Ba a sake buɗewa ga masu ɗiba don miya ba sai a watan Afrilu 2023, na wata 2 kawai, bayan hutu ya wuce sanyi ya fara, aka kuma rage rabon mutum zuwa guda 3 a rana. Wannan gyara ya samu ne domin akwai waɗanda suka auna duwatsun kafin a buɗe, suka komo suka auna bayan an rufe, har aka iya aza lissafin biyu kusa da juna. Amma a wannan karon ma, ranaku aka rage da rabon kowa, ba a sa iyaka ga yawan waɗanda za su sauka cikin ruwan ba.