Kwalbar Kemis da Tukunyar Gwate



Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, cefane ya zama abin da magidanci ke kwana yana lissafawa. A tsakiyar 2024, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Nama ya fita daga tukunyar gidaje da yawa, ƙwai ya bi sahu. Ana cikin haka sai kasuwar masu tallar magani ta buɗe. Ka tsaya a Taminus ko tashar Bukuru a nan Jos, za ka ji lasifika na yabon kwalbar da ke ƙara jini, ta buɗe ciki, ta sa ƙiba. Uwa ta ga ɗanta ya rame, tausayi ya kama ta, ta kwance bakin zane ta biya kuɗin da zai sayi mudun wake.

Kafin ta biya, ina so ta ji abin da aka gano a nan garin namu.

Shekaru da dama likitoci a Jos suna ganin yara masu laushin ƙashi, ƙafa ta yi gwame ko ta lanƙwashe, wuyan hannu ya kumbura. A littattafan likitanci an san wannan cuta da ƙarancin bitamin D, wanda fata ke samarwa daga hasken rana. To, yaron da ke yini a rana a Unguwar Rogo, ina rana ta yi masa ƙaranci? Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka bincika yara 123 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, aka buga sakamakon a 1999. Cikin waɗanda aka yi wa allurar bitamin D kaɗai, kashi 19 cikin 100 ne suka kai matakin warkewa a wata shida. Waɗanda aka ba sinadarin kalsiyam kuwa, shi kaɗai ko haɗe da bitamin ɗin, kusan kashi 60 ne. Ashe abincin ne babu isasshen kalsiyam. Yaran na samun kimanin miligiram 200 a rana, ƙasa da rabin bukatarsu, domin abin da ake ci tuwon masara ne safe da dare, babu nono, babu madara.

Ku lura da kyau. Bitamin D magani ne na gaske, likitoci ne suka bayar, amma da yake ba shi ne babban giɓin ba, amfaninsa bai kai ba. Ina ga kwalbar da aka saya a bakin titi, ba gwaji, ba tambaya? Daga baya masu binciken suka gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, shi ma ya warkar da yawancin yaran. Kifin nan da ke kan tire a kasuwa.

Mu a Filato ba mu da hujjar da wasu ke da ita. Kabeji da karas da koren wake da ake lodawa daga kasuwar Farin Gada zuwa kudu a bayan gidanmu ake noma su. Dankalin Bokkos da Mangu namu ne, acca tamu ce. Kuma iyayenmu sun bar mana gwate. Dubi yadda ake haɗa shi: tsakin masara ko acca, a zuba wake, a yanka yakuwa da alayyahu da gauta, a kawo dakakkiyar gyaɗa da ɗan manja. Hatsi da wake idan suka haɗu suna cike wa juna abin da ke gina jiki. Manja na ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma maiƙonsa ke taimaka wa hanji ya tsotsi na cikin ganye. Abin takaici, wasu gidajen sun mayar da gwate abincin kunya, sun koma taliyar leda da shayi da burodi, waɗanda suka fi tsada kuma ba su kama ƙafarsa ba.

Wanda ba shi da kuɗin nama yana da awara da ƙuliƙuli da daddawa. Miyar kuka da zogale da riɗi duk suna da kalsiyam. Ƙoƙon nono ɗaya daga hannun 'yar Fulani, a tafasa ko a tabbatar an dafa shi, ya fi lemon kwalba nesa ba kusa ba. Jiƙa hatsi da wake su kwana kafin a niƙa yana rage sinadarin da ke hana jiki cin moriyar sinadarin ƙarin jini da kalsiyam. Shayi kuma a ba shi tazara da abinci, domin yana tare sinadarin ƙarin jini, alhali tumatir da lemo da gwaiba suna buɗe masa hanya.

Kada wani ya ce na hana shan magani. Mai juna biyu ta riƙe ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta a wurin awo, domin abinci kaɗai da wuya ya ishe ta. Ɗigon bitamin A da ake ba yara a makon lafiyar mata da ƙananan yara kyauta ne, a kai su. Yaron da tamowa ta kama, asibiti ne wurinsa, ba kicin ba. Amma ƙarancin jini sau da yawa daga zazzaɓin cizon sauro ne ko tsutsar ciki, kuma babu kwalbar da za ta tsayar da shi sai an kashe tushen. Mai sikila bai kamata a ɗura masa maganin ƙarin jini ba sai likita ya duba. Bitamin A idan ya yi yawa taruwa yake a hanta, ƙwayoyin ƙarin jini kuma guba ne ga yaron da ya tsince su ya haɗiye da yawa.

Nauyin bai tsaya kan uwa ba. Ya kamata NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta leƙa tashoshin mota ta duba abin da ake sayarwa da lasifika. Ita ma hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar Filato ya kamata ta sa ma'aikatanta su riƙa nuna wa mata haɗin kunun gero da waken soya da gyaɗa da garin kifi a ranar awo, da tukunya da murhu a gabansu. Kuma manomin Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yana bukatar tsaron da zai bar shi ya je gona ya dawo lafiya, domin duk gonar da aka gudu aka bari, a farashin Farin Gada muke ganin ta.