Wa Ya Karya Audugar Zazzau?

Jama'ar Wusasa da ƙauyukan kewaye, manoma da 'yan kasuwa, ku matso ku ji.

Ku tambayi dattawanku. A ƙasar Zazzau, da auduga ake biyan haraji, da ita ake aurar da 'ya, da ita ake sa wa ɗaki kwano. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Turawan kamfanin BCGA suka kafa injin gurza, suna kwasar audugarmu zuwa masaƙun Ingila, su dawo mana da yadi da tsada. Amma a 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, wasu suka biyo baya. Manomi ya noma, ɗansa ya saƙa, matarsa ta ɗaura.

Sai manyan ƙasashe suka zo da sabuwar huɗuba: wai duniya ta zama kasuwa ɗaya, kowa ya buɗe ƙofarsa. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP bisa shawarar Bankin Duniya da IMF, aka rushe hukumar cinikin auduga, naira ta faɗi. Hukumar nan tana da nata zalunci, ba mu manta ba, amma ko ba komai manomi ya san farashi kuma yana samun iri. A 1995 Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya.

To, su masu huɗubar fa? Amurka ta ci gaba da ba manoman audugarta tallafin dala biliyoyi. Ko farashi ya faɗi, su ba su faɗi ba. A 2003 Benin, Burkina Faso, Mali da Chadi suka kai kuka taron Kankun na ƙasar Meziko. Barazil ta yi ƙarar Amurka, ta kuma yi nasara. Yaya mai fartanya a Giwa zai ja da mai tarakta wanda baitulmalin ƙasarsa ke goya wa baya?

Atamfar Sin ta cika kasuwa, mai yawa ta hanyar fasa-ƙwauri. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta rufe a 2007, dubban magidanta suka koma gida hannu rabbana. Laifin ba na baƙi kaɗai ba ne. Wa ya hana masaƙu wutar lantarki? Wa ya kau da kai a bakin iyaka? Namu ne, 'yan gida.

Mu ba mu ce a rufe ƙasa ba. Jam'iyyarmu cewa take a yi ciniki da ido biyu: irin da masanan Samaru suka inganta ya isa hannun manomi kafin damina, taki ya zo kan lokaci, masaƙa ta sami wuta, kwastan ya tsare iyaka. Duk ɗan takarar da ya tsaya a dandalinku, har da namu, ku tambaye shi a gaban jama'a: "Wa zai sayi audugarmu da kaka, kuma nawa?" Ku riƙe amsarsa har ranar jefa ƙuri'a.