Tseren keke ta intanet: idan mai tsere ne ke riƙe da sikeli, wa zai yarda da awo?

A watan Oktoba na 2024, hukumar tseren keke ta duniya, wato UCI, ta tara 'yan zagayen ƙarshe na gasar tseren keke ta intanet a zaure guda a Abu Dabi, aka ɗora kowa kan na'ura iri ɗaya a gaban alƙalai. Abin lura shi ne, wasan nan an ƙirƙiro shi ne don kowa ya fafata daga ɗakinsa. To, me ya kawo tara mutane wuri guda? Babban abin da hakan ke magancewa shi ne maguɗi.

Ga yadda wasan yake. Mutum zai kafe kekensa, abin da a nan muke kira ajala, a kan wata na'ura cikin ɗaki. Yana taka feda, na'urar tana auna ƙarfin ƙafarsa da ma'aunin wat, tana aikawa ta intanet. A fuskar kwamfuta sai ya ga hotonsa yana gudu tare da mutanen wasu ƙasashe. Manhajar Zwift, wadda ta fito a 2014, ita ta fi suna, a kanta aka yi gasar duniya ta farko a Disambar 2020. Daga 2024 gasar ta koma manhajar MyWhoosh ta Abu Dabi.

Matsalar tana wajen lissafi. A hawan tudu, manhajar tana raba ƙarfin mutum da nauyinsa, nauyin kuwa shi da kansa yake rubutawa. Mai kilo 80 da ke fitar da wat 280 yana da wat 3.5 kan kowane kilo. In ya ce kilo 70 ne shi, nan take ya koma wat 4, ba tare da ya ƙara ɗigon gumi ba. Kun ga ai tauye mudu ke nan.

Kuma an kama mutane. A 2019 an ƙwace kambin Birtaniya daga hannun Cameron Jeffers, aka dakatar da shi wata shida, saboda an yi amfani da na'urar bogi ta tuƙa masa har ya samu keke mafi gudu a cikin wasan. A ƙarshen 2022 Zwift ta dakatar da Eddy Hoole na Afirka ta Kudu wata shida, bayan ya nuna kimanin wat 8.5 kan kowane kilo na sama da minti huɗu a wasan share fage, alƙalumman da masu bincike suka ce an taɓa su.

Maganin da aka ɗauka a manyan gasanni shi ne shaida biyu: ɗan tsere ya ɗauki bidiyon kansa a kan sikeli kafin wasa, sannan na'ura ta biyu ta auna ƙarfinsa daban, a gwada da ta farko. Wannan ya rage ɓarna, amma fa yana da tsada. Kowane sabon sharaɗi kuɗi ne, kuma matashin Mai Wurno ko Sinja, da ke fama da ɗaukewar wuta da intanet tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ƙofar tana ƙara yi masa nisa. In dai ana son adalci, masu shirya gasa su ya kamata su ɗauki nauyin awon.

Sai batun mai tona asiri. A Fabrairun 2022 wani ɗan tsere, Luciano Pollastri, ya bayyana yadda ake canja nauyi ana tsakiyar tsere. Zwift ta fara da dakatar da shi kwana 30. Sai da jama'a suka yi ca, sannan shugaban kamfanin, Eric Min, ya nemi afuwa aka janye hukuncin. Duk hukumar da ke hukunta wanda ya nuna ramin ɓera, ɓerayen take wa aiki.

Wani zai ce, ina ruwanmu da wasan masu kuɗi? Ruwanmu kuwa, domin cutar ɗaya ce da ta ƙwallon ƙafa. A 2016, 'yan wasa 26 na tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17 sun faɗi gwajin hoton ƙashin wuyan hannu da ake ƙiyasta shekaru da shi, daga baya Nijar ta fitar da ragowar. Can nauyi ake ragewa, nan shekaru. Wanda ake zalunta kuwa shi ne yaron da ya faɗi gaskiya, ya zauna a benci.

Mu malaman makaranta da shugabannin kulob na ƙauyukan Jazira da Shuɗin Nilu, idan gasar yara ta dawo, darasin a fili yake. Kada koci ya zama shi ne mai tabbatar da shekarun 'yan wasansa; a duba rajistar makaranta, wani daban ya sa hannu. A sanar da hukunci tun kafin busa usur, ya hau kan ɗan kowa. Wanda ya kawo ƙara kuma a saurare shi. A kasuwar hatsi ta Sinnar ma, mai saye yakan tsaya ya ga awo da idonsa, kuma mai sayarwa na gari ba ya jin haushin haka.