A buga mana kati irin na kasuwarmu

A Yelwa ta Yauri, da wuya ka samu mai cinikin bandar kifi da ba ya bin wani bashi, ba a kuma binsa. Dillaliya ta saya wa masunci raga ko ta zuba masa fetur a injin jirgi, shi kuma ya riƙa biya da kifi, yau tarwaɗa, gobe ƙarfasa, jibi buhun warangi. Manomin albasa a bakin tafkin Kainji ya karɓi taki sai an cire amfani. Yawancin wannan lissafi a ka yake zaune, ko a tsohon littafin makaranta da ruwa ya jiƙa har shafukansa suka manne. Ranar biya sai rantsuwa, sai a tafi gaban sarkin ruwa ko mai unguwa.

Shawarata ƙarama ce, kuma da gaske nake yinta: mu koma ga kati. Ina nufin ɗan farin kwali mai kauri wanda zai shiga aljihu, a buga masa layuka da gurabe tun kafin a fara rubutu. A Amurka, wani marubuci mai suna Merlin Mann ya yayata wannan dabara a 2004, ya ce a tara katuna masu inci 3 da 5, a maƙale su wuri guda, su maye gurbin na'urar tsara ayyuka. Mutane suka shiga buga nasu a gida. Sai dai samfurin da ake saukewa daga intanet na ma'aikacin ofis ne: taron ƙarfe goma, Litinin zuwa Juma'a. Yayata da ke banda a Yauri ba ta da taron ƙarfe goma. Abin da take buƙata gurabe huɗu ne: rana, abin da aka karɓa, abin da aka biya, saura.

Haka na tsara mata. Kowane masunci da katinsa, kuma biyu ake cikewa, ɗaya a hannunta, ɗaya a hannunsa. Wannan shi ne zuciyar maganar. Littafi na mai shi ne kaɗai, wanda ake bi ba ya ganin cikinsa sai ranar rigima. Kati kuwa kowa na riƙe da nasa, in an haɗu a bakin ruwa a jera su a duba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Mun san hukuncin tun muna makarantar allo, abin rubutawar da ya dace da sana'armu ne ba mu tanada ba.

Za a ce wa ke da firinta a gida a Shanga ko Ngaski? Kaɗan ne, kuma ba sai kowa ya mallaka ba. Shagon kwamfuta guda ya isa unguwa. Kwali girman A4 in aka yanka shi huɗu, kowane yanki ya zama kati mai kyau, don haka shafi ɗaya ake tsarawa. A nemi injin da ke aiki da garin tawada, domin tawadar ruwa tana zuba da zarar danshi ya taɓa ta. A cike da fensir, a ɗaure da roba, a sa a leda. Wanda bai yi boko ba a buga masa kan guraben da ajami, ko a sa hoton kifi da na jarka. Matanmu sun daɗe da riƙe katin asibiti da na rigakafi da na adashi, ba baƙon abu za a miƙa musu ba.

Wasu za su ce zamanin waya ne. Ni ma da waya nake aiki. Amma tun 1968 da aka kammala madatsar Kainji, aka tashi dubban mutanenmu daga tsibirai da gaɓar Kwara, har yau akwai ƙauyukan masunta da sai an biya kuɗi ake cajin waya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, a sayar da ita ranar matsi, lissafin shekara ya tafi da ita.

Akwai katin da na fi so in ga an fara bugawa, na fasinjojin jirgin ruwa. Ranar 26 ga Mayu 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, rayuka da dama suka salwanta, kuma alƙaluman da aka riƙa bayarwa na yawan waɗanda ke ciki sun sha bamban. Iyalai sun yi kwanaki a bakin ruwa suna tambaya ko nasu na ciki. Kati mai layuka daidai da adadin da jirgi zai iya ɗauka, a rubuta suna da gari, a bar shi a tasha kafin a tashi, zai amsa wannan tambaya. In layukan suka cika, lodi ya ƙare. Ƙungiyoyin masu jirage a Yauri da Wara za su iya fara wannan ranar kasuwa mai zuwa, ba sai sun jira takarda daga Birnin Kebbi ba.